Yaƙin ruhaniya a wurin sana'a: yadda Kirista mai yara a ƙarƙashinsa zai tsara addu'arsa

Kiristan da yake riƙe da siton hatsi, ko injin niƙa, ko shagon taki a ƙauyukan Sumaila, Tudun Wada ko Gwaram ba kansa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Akwai yaran shago, masu dako, mai awo, wani lokaci har da direba. In aka ce masa yaƙin ruhaniya, sau da yawa hankalinsa sai ya tafi kan maƙwabcin rumfa da yake zargi da yi masa asiri. Afisawa 6:12 ta rufe wannan ƙofa: faman ba da 'yan Adam ake yinsa ba. Makaman da Bulus ya fara lissafawa kuwa gaskiya ce da adalci, kuma a kasuwa wurin da ake gwada su shi ne bakin mudu da littafin bashi.

Fara da addu'ar safe, kafin a buɗe ƙofa. Minti 10 zuwa 15 sun isa, muddin kullum ne. Karanta ayoyi kaɗan (Karin Magana tana da sura 31, sai ka bi kwanan wata), sannan ka ambaci abubuwan ranar da sunansu: motar da za ta tafi Dawanau, wanda za ka je karɓar bashi a wurinsa, yaron da matarsa ba ta da lafiya. Addu'ar "Ubangiji ka sa albarka" kawai ba ta taɓa wurin da gwaji yake shigowa. Ka san inda kake da rauni, ko fushi da yara, ko ƙarin ƙarya a kan farashin da ka sayo kaya, sai ka faɗe shi a fili gaban Allah.

In yaranka Kiristoci ne, ku yi tare, a taƙaice, cikin sito. Wanda yake Musulmi kada a tilasta masa tsayawa, a kuma ba shi lokacin sallarsa ba tare da ƙunƙuni ba. Ba a bukatar lasifika ko ɗaga murya don rumfar gaba ta ji. Matiyu 6:5-6 ta riga ta yi magana a kan haka, zaman lafiyar kasuwar ƙauye kuma ba abin wasa ba ne.

Awo shi ne babban fagen. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami, Amos 8:5 kuma ya tsawata wa masu rage mudu su ƙara kuɗi. Saboda haka tiyar da kake saye da ita a hannun manomi da kaka, ita za ka sayar da ita da bazara. Duba gindinta, ko an bubbuge shi ya shiga ciki. Buhun da ka ce tiya 40 ne, ka sa a zazzage ɗaya lokaci-lokaci a auna a gabanka, don mai awo yakan yi aikin da yake zaton maigida yana so ko ba a gaya masa ba. Algus ma haka: tsakuwa a riɗi, tsohon wake a ƙasan buhu sabo a sama. Kuɗin masu dako a biya su ran da suka yi aikin, kamar yadda Littafin Firistoci 19:13 da Yakubu 5:4 suka nuna. Mutumin da ya danne haƙƙin lebura ya je yana tsawata wa aljanun kasuwa, wahalar da kansa kawai yake yi.

In asara ta zo, bi tsarin Nehemiya 4:9: sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro. Kafin ka ce hari ne, bincika. Wake ya yi ƙwari? Duba ko ya bushe sosai kafin a ɗura, ko ledar ciki ta buhun PICS (buhun ajiya mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga) ta huje, ko ba a ɗaure kowace leda dabam ba, don iska in ta shiga ƙwarin ba ya mutuwa. Kuɗi na raguwa? Ƙirga kaya, ka gwada da littafi, ka ga wa yake riƙe da makulli. Masu saye sun janye? Tambayi farashin rumfunan da ke kusa. Yawancin abin da ake kira sammu, a nan ake gano shi. Wani lokaci kuwa babu laifin kowa, farashi ne ya karye, sai a roƙi haƙuri da hikima.

Za a kawo maka tayin maganin kasuwa ko na farin jini, kuma galibi ɗan'uwa ne mai son ka da alheri zai kawo. Ka ƙi da ladabi, sau ɗaya, a sarari. In ka tarar da laya ko ƙulli a bakin sito, kada ka tara jama'a, kada kuma ka kama sunan kowa. Kira fasto ko dattijon ikilisiya, ku yi addu'a, ku ƙone abin, a buɗe shago a ci gaba da aiki. Wanda ya ajiye shi tsoro yake so ya dasa, kuma rufe shago kwana uku biya masa bukata ne. Haka nan ka yi hattara da mai kiran kansa annabi da zai ce ya ga wanda ya ɗaure maka kasuwa, sai ka kawo kuɗi a kwance. Boka ne da Littafi a hannu, ya kuma raba 'yan'uwa da yawa.

Kada ka yi yaƙin kai kaɗai. Zaɓi mutum biyu masu riƙe sirri, zai fi kyau waɗanda ba ka bin su bashi, su ma ba sa bin ka. Ku haɗu sau ɗaya a mako, misali Asabar da yamma bayan an rufe lissafi, ka ba su izinin yi maka tambaya mai zafi. Mace mai sana'a za ta sami irinsu a zumuntar mata. A nan ake cire zakka, daga riba, ba daga uwar kuɗi ba. A ce ka sayi kaya na naira dubu 500, ka sayar dubu 580, mota da dako da la'ada suka ci dubu 30: riba dubu 50 ce, ɗaya bisa goma dubu 5.

Azumi a ajiye shi don manyan shawarwari: cin bashin banki, shiga haɗin gwiwa, tsaya wa wani lamuni (karanta Karin Magana 22:26-27 tukuna), ko sallamar yaro. Daga safe zuwa yamma ya wadatar, kuma kada ka sa hannu a takarda a ranar, bari a kwana. Mai ciwon suga da mai juna biyu su nemi shawarar asibiti. Batun ɓoye hatsi har sai ya yi tsada ma a kawo shi nan, don Karin Magana 11:26 ta yi kashedi a kai. Ajiya halal ce, amma ka tsai da farashin da za ka saki kaya tun kafin kwaɗayi ya tsai da maka.

Sai ranar kasuwa. Maigatari tana ci Alhamis, Wudil Juma'a, ba su da matsala. Gujungu kuwa Lahadi ce. Mai harka a can ya zauna da fastonsa tun wuri su yanke yadda za a yi, ko wakili amintacce ya je, ko a mai da cinikin wata kasuwa, kuma duk abin da aka yanke ya shafi yaransa Kiristoci kamar yadda ya shafe shi, kada maigida ya zauna a sujada alhali ya tura su kan mota.