Yadda Ake Bin Diddigin Ƙaramin Ɗan Basarake a Turai ta Dā, da Misalin William Marshal

Duk wanda ya ɗauki littafin tarihin Ingila ko Faransa na ƙarni na 12 zai lura cewa ɗan fari ne ke cika shafi, ƙannensa kuwa sau da yawa suna kawai ake ambata a wuce. Idan kana son ka gano yadda irin wannan ƙane ya rayu, akwai hanyar da za ka bi, kuma rayuwar William Marshal, wanda aka haifa wajejen 1147, ta isa ta nuna maka ita.

Ka fara da cire tsarin gadon da muka saba da shi daga zuciyarka. A wurinmu shari'a ta yanka wa kowane ɗa rabonsa, amma a gidajen sarautar Ingila na wancan zamani babban ɗa ne ke kwashe mafi yawan ƙasa da muƙami, domin kada gida ya tarwatse. Saboda haka abin da za ka fara tantancewa shi ne matsayin yaron a ɗakin uwarsa da gidan ubansa. William shi ne ɗa namiji na huɗu ga John Marshal, na biyu a ɗakin Sybil, matarsa ta biyu. A 1152 uban ya miƙa shi jingina ga Sarki Stephen lokacin da sarkin ya yi wa ganuwar uban ta Newbury ƙawanya, sannan ya saɓa alkawari. Doguwar waƙar da aka tsara kan rayuwar William bayan rasuwarsa, mai layi kimanin 19,000, ta ce da aka yi barazanar rataye yaron, uban ya amsa cewa yana da guduma da maƙerar da zai ƙera waɗanda suka fi shi. Sarkin ne ya ji tausayinsa ya bar shi da rai. Ka riƙa tuna cewa iyalinsa ne suka sa aka rubuta waƙar, don haka ka karanta ta da lura.

Daga nan ka juya ga dangin uwa, domin a ganina nan ne mafi yawan masu karatu ke yin sakaci. Yaron da ba shi da gado a gidan uba, kawunnansa ne madogararsa. Yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku aka tura William Nomandi, gidan William de Tancarville, wani babban ɗan'uwansu, inda ya koyi hawa da riƙon mashi har aka ɗaura masa takobin barde a 1166. Bayan haka ya koma hidimar kawunsa Patrick, mai sarautar Salisbury. A 1168 mutanen gidan Lusignan suka yi musu kwanton ɓauna a Poitou, aka kashe kawun, aka soki William a cinya aka kama shi. Sarauniya Eleanor, matar sarkin Ingila, ce ta fanshe shi, kuma bayan shekara biyu aka ɗora masa koya wa ɗanta, Yarima Henry, harkar yaƙi. Ka ga ke nan ta ƙofar kawu ya shiga fada.

Sai ka nemi ubangidansa a kowane lokaci, da abin da yake ci da shi. Jerin sunayen shaidu a ƙarshen takardun kyautar ƙasa yana da amfani ƙwarai, domin yana nuna wanda mutum yake tare da shi da kuma girmansa a tawaga. Barden da ba shi da gona kuwa, gasar barade ce kasuwarsa: wanda ka kayar, dokinsa da sulkensa naka ne, kuma sai ya fanshi kansa. An rubuta cewa William da abokin haɗin gwiwarsa Roger de Gaugi sun kama barade 103 cikin wata goma.

Kada ka manta da sauran 'yan'uwa. Ƙanensa Henry ya bi hanyar coci har ya zama bishop na Exeter a 1194, shekarar da wansa John ya rasu, muƙamin Marshal na fadar sarki, wanda gidansu ke gada, ya dawo hannun William.

Aure shi ne abin da za ka fi tsayawa a kai, saboda ta nan ne arziki ke zuwa idan zai zo. William ya haura shekara arba'in ba shi da wata ƙasa ta a-zo-a-gani, sai a 1189 Sarki Richard na Ɗaya ya tabbatar masa da auren Isabel de Clare, magajiyar manyan filaye a Wales da Leinster ta Ailan. A 1199 ya sami sarautar Pembroke, a 1216 ya zama mai riƙon sarauta ga Henry na Uku wanda yake ɗan shekara tara. Amma kada wannan ya ruɗe ka ka ɗauka kowane ƙane haka ya ƙare. Galibinsu sun tsufa ne a hidimar wani.

Daga ƙarshe ka duba wasiyya, ka ga yadda shi ma ya yi da nasa ƙananan. Da William ya kwanta ciwon ajali a Caversham a 1219 yana da 'ya'ya maza biyar da mata biyar, kuma waƙar ta ce da fari bai yi niyyar bar wa Ansel, autan 'ya'yansa maza, komai ba, yana ganin ya nema da hannunsa kamar yadda shi ya yi, sai da amintaccensa John na Earley ya sa baki aka yanka masa wani abu. Wannan wuri yana taɓa mini zuciya duk lokacin da na zo kansa. Mazan biyar sun gaji juna ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya bar magaji na halal, Ansel ya rasu a ƙarshen 1245, aka raba dukiyar tsakanin gidajen 'yan'uwansu mata biyar.