Shadda ba ta zuwa yaƙi: kurakuran da masu kwaikwayon kayan finafinan almara suke ta maimaitawa

Da zarar an saki sabon fim na almara, irin mai dawakai da takubba da dodanni, sai samarinmu na Bauchi su motsa. Wannan yana son alkyabbar jarumin don bidiyon TikTok, wancan kuma 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo na makarantarsu sun ɗora masa haɗa kayan sarki da na dakarunsa. Ba laifi, ni ma harkata ce tun ana hayar faifan CD. Abin da ya ishe ni shi ne saƙon da ke shigo min a WhatsApp kusan kalma ɗaya daga bakin mutane daban-daban: "Yaya, me ya sa nawa bai fito irin na fim ɗin ba?" In na buɗe hoton, matsalar ba ta wuce waɗannan da zan zayyana. Daga yau duk wanda ya tambaya, wannan rubutun zan tura masa.

Babbar masifar ita ce ƙyalli. Yaro zai shiga Kasuwar Wunti da hoton mayaƙin da ya yi wata da watanni yana kwana a daji, amma ƙafarsa ba za ta tsaya ko'ina ba sai rumfar masu shadda. Idonmu ya saba da cewa tufa mai daraja ita ce mai sheƙi da sitati, wadda ake jin ƙararta in mutum ya motsa. To a gaban kyamara wannan sheƙin shi ke kashe ka. Haske zai bugi yadin ya dawo, sai jarumin naka ya fito tamkar ango ranar ɗaurin aure, an ba shi takobi ya riƙe.

Ku koma ku dubi finafinan The Lord of the Rings guda uku da Peter Jackson ya ɗauka a ƙasar Niyu Zilan, waɗanda suka fito a 2001 da 2002 da 2003. Ngila Dickson ce ta jagoranci tsara tufafin, kuma ita da Richard Taylor suka karɓi kyautar Oscar ta tufafi a kan na ukun, ɗaya daga cikin kyaututtuka 11 da fim ɗin ya kwashe. Ku tsayar da hoton a kan Aragorn, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, lokacin yana yawon daji. Gefen rigar ya tsattsage, gwiwar hannu ta koɗe, ga faci nan da can. Viggo Mortensen da ya fito a matsayin Aragorn ma da kansa yake ɗinke kayan in sun yage. Kafin ya buɗe baki, rigarsa ta riga ta gaya maka mutumin nan ba shi da ɗaki. Haka a Game of Thrones, bargunan gashi da masu gadin katanga ke yafawa, Michele Clapton mai tsara kayan ta faɗa da bakinta cewa dardumomin IKEA ne, kamfanin nan mai sayar da kayan ɗaki, aka yanka, aka aske, aka rina, aka sa musu maɗaurin fata. Darduma fa, ta shimfiɗa a ƙasa. Kai kuma ka je ka ƙarar da kuɗin aljihunka na wata guda a kan gezina.

Ni dai ba na fara wa da masu yadi. Layin 'yan gwanjo nake fara bi, in nemi tsofaffin labulaye masu kauri, barguna, da zannuwan gado na auduga. In kuma sabo zan saya, alawayyo ne ko akoko, ko saƙi in na samu. Kafin in biya nakan zare zare ɗaya daga gefe in ƙyasta masa ashana. In ya ci wuta ya zama toka, auduga ce, za ta karɓi rini. In ya naɗe ya zama ɗan dunƙulen baƙin ƙulli mai tauri, roba ce, na ajiye masa abinsa ko da kyauta ne.

Bayan ɗinki sai tsufantarwa, kuma a nan ne mutane ke jin tausayin kayansu. Kada ka ji. A wanke shi sau da yawa har sitatin ya fita sarai. A dafa ganyen shayi mai ƙarfi a tsoma farin yadin ya kwana, zai fito da kalar abin da ya sha gumi. In baƙi-baƙi mai toka nake so, bagaruwa nake dafawa, in jefa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a ciki, ruwan ya yi duhu, sannan in tsoma. Wannan baƙin ya fi na kanti kyau nesa ba kusa ba, domin ba ya kamawa bai ɗaya, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske. Daga nan sai samfefa: a goge wuya, kafaɗa inda igiyar jaka ke gogawa, gwiwa, da bakin hannu. A kwaɓa jan ƙasa a shafe gindin riga, ya bushe, a kakkaɓe. In lokacin hunturu ne ma ka huta, shanya shi a kan katanga ka manta da shi, ƙura za ta ƙarasa maka aikin. Amma a yi da tunani. Tufa ba ta tsufa ko'ina daidai, inda jiki ke gogawa nan take ci. Wanda ya ɗauki almakashi ya yi wa rigarsa huda-huda a jere, kowa zai gane almakashi ne.

Sai tela. Kada ka tura wa tela hoto ɗaya a waya ka ce sai ka zo karɓa. Hoton gaba kawai yake nunawa, bayan kuma shi zai cike da abin da ya sani, abin da ya sani kuwa kaftani ne da jamfa. Kuma tela nagari hannunsa ba ya jure ganin wuya a sake. Za ka zo ka tarar ya zuba maka surfani, yana murmushi yana cewa, "Alhaji, ai na ga wajen ya yi fili ne, shi ne na ɗan sa masa aiki, ban ma caje ka ba." Me za ka ce masa? Don haka ka kai hotuna ta gaba da ta baya da ta gefe, ka zauna a kan bencinsa lokacin yanka, ka ce masa ƙarara ba aiki, ba guga, bakin ma a bar shi ba kalmasa. Zai dube ka kamar ka zautu. Bari ya duba. Kuma kada ka kai irin wannan aikin ana saura mako biyu Sallah, ba wanda zai saurare ka.

Yanzu ga wadda in na tuna har yau raina ke ɓaci, wato maganar ƙarfe. Mun taɓa shirya ɗan gajeren bidiyo, na nace sai an yi wa jarumin rigar ƙarfe ta gaske, wai don ta yi ƙara in an buga. Na kai kwanon rufi wajen wani mai ƙira ya yanka ya lanƙwasa, ƙirji da baya da kafaɗu. A shago abin ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Ranar ɗauka muka hau duwatsun bayan gari, a watan Afrilu, kun dai san zafin Bauchi a wannan lokacin. Ƙanina ne jarumin. Ba a jima ba ya fara cewa, "Yaya, abin nan fa yana ƙona ni." Na ce ya daure, saura kaɗan. Da aka zo wajen ɗaga takobi, bakin kwanon ya shige masa ƙarƙashin hammata ya tsaga. Muka kwance igiyoyin da ƙyar saboda ƙarfen ba ya taɓuwa, kafaɗarsa ta yi ja ta tashi, jini ya ɓata farar rigar ciki. Daga dutsen sai kemis, daga kemis sai allurar tetanus. Kuɗin hayar kyamara ya tafi, na mota ya tafi, bidiyo bai samu ba, Hajiya kuma ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Abin haushin, su masu fim ɗin da muke kwaikwayo ba ƙarfe suke sa wa yawancin mutanensu ba. Sulken da kuke gani a The Lord of the Rings, ma'aikatan Weta Workshop, kamfanin da ya ƙera kayan yaƙin fim ɗin, bututun roba suka yayyanka zobe-zobe, miliyoyi, suka sarƙa su da hannu ɗaya bayan ɗaya, aka yi musu rufin da ya sa suka zama kamar ƙarfe. Mutanen da ke da kuɗin sayen ƙarfen duniya sun zaɓi roba don ɗan wasa ya iya gudu da faɗuwa yini guda. Kai da ba ka da ko akwatin magani a wajen ɗauka, kai ne za ka sa ɗan mutane a cikin kwano? Wallahi duk wanda na sake gani da wannan sai mun ɓata.

Abin da nake amfani da shi yanzu tabarmar roba ce mai haƙora, irin wadda ake shimfiɗa wa yara a makarantun reno. Ka fara yanka fasalin a jikin kwali ka gwada a jikin mai sawa, sannan ka zana a kan robar ka yanka da sabuwar reza. Ka kanga ta sama da risho daga nesa, in ta yi laushi ka lanƙwasa a gwiwarka ka riƙe har ta huce, za ta zauna a haka. Haɗi da gam ɗin masu gyaran takalmi, a shafa ɓangarorin biyu, a bari ya sha iska kafin a manna. Sai a shafe duka da farin gam na kafinta da aka ɗan sirka da ruwa, ya bushe, a maimaita. Fenti kuma baƙi ake farawa da shi, ba ruwan azurfa ba. Bayan baƙin ya bushe ka dangwali ruwan azurfa kaɗan da tsumma, ka goge mafi yawansa a jikin kwali, ka shafa ragowar sama-sama a kan tudu da gefuna, ka bar baƙin a cikin lunguna. Wanda ya feshe abin gaba ɗaya da ruwan azurfa, tukunyar alminiyam ya yi. Sannan farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, kada fentin feshi ya taɓa shi kai tsaye, a gabanka zai narke. Sulke kuwa, nemi matar da ta iya saƙa da kwarashi ta yi maka da zare mai kauri, ka yi masa baƙi da azurfa irin na sama. Tsofaffin finafinai da yawa da haka suka yi nasu.

Akwai kuma abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu. Mutum zai kwana yana cin data yana leƙen kwalkwalin wani Bature a intanet, amma ranar hawan Sallah yana ƙofar fadar Sarkin Bauchi yana ɗaukar kansa hoto, 'yan sulke da 'yan lifida na wucewa ta bayansa bai ko waiga ba. Lifidi fa kayan yaƙi ne na gaske, yadi ne da aka cusa wa auduga aka daddage, doki da mahayi duk a rufe, kuma telanka na unguwa ya fi iya wannan a kan rigar ƙarfen Turai. Ruth Carter da ta ci Oscar a 2019 da kayan Black Panther, daga Afirka ta ɗebo: bargon mutanen Lesoto, adon Masai, shigar Buzaye. Ta tsallako teku ta ɗauka, mu muna zaune a kai. In fim ɗinka na almara ne, ba wanda ya ce dole sarkin aljanunka ya yi shigar Ingila. Ka tsaya kusa da mahayan ka ga yadda ake ɗaura layu a damtse, yadda kube ke rataye da hamila a kafaɗa ba a ƙugu ba, yadda alkyabba ke zubowa a bayan doki. Dukawa kuma suna nan, za su yi maka kube da ɗamara da warki da fatar gaske, sau da yawa a ƙasa da kuɗin ledar kanti mai ɓarewa.

Sai dai a san abin da ake ɗauka. Rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne, ba kowa ke naɗa shi ba, kada ka naɗa wa ɗan fashin labarinka. Ja da kore kuma kowa ya san kayan dogarai ne. Haka alamomin da ke ƙirjin mayaƙan finafinan waje, ka tambaya kafin ka kwafa. Na ga yaron da ya liƙa ƙaton jan gicciye a farar riga, wai ado ne ya gani a wajen wasu mahaya, ya sa a Facebook, ya kwana yana ba da haƙuri a wajen kawunnansa.

Takobi ko na katako ne, a cikin buhu ake ɗaukarsa, ba a baya a kan acaɓa ba. Shi kansa Viggo Mortensen 'yan sanda sun taɓa tare shi a birnin Wellington na Niyu Zilan saboda yana atisaye da takobinsa a titi. Can ke nan. Nan kuwa, da halin da ake ciki, in ka iso shingen bincike da abu mai kama da makami da fuska a rufe, ba lallai a ba ka damar yin bayani ba. In a waje za ku yi ɗauka, ku fara gaida mai unguwa ku gaya masa.

Ƙananan kuwa ba sa buƙatar dogon zance. Cire agogo. Kambas da silifas suna rusa komai, takalmin fata na gargajiya ya wadatar, in babu a naɗe ƙafar da tsumma. Kada ka zaɓi kala daga kwafin fim ɗin da aka matse aka tura maka ta Xender, launinsa ya riga ya gurɓace, nemi hoton kayan a inda aka baje su. 'Yan mata su daina cewa ba su da rabo a harkar, dogayen alkyabbu masu hula na waɗannan finafinan suna zama daram a kan hijabi. Kada a yi ɗauka da tsakar rana, bayan la'asar haske ya fi tausayin yadi da fuska. In an gama, kayan roba ba a barin su a bayan mota a rana, gam ɗin zai saki su buɗe. Yadin da ka tsoma a shayi kuma ka tabbata ya bushe ƙayau kafin ka ninke shi cikin Ghana-mas-go, in ba haka ba damina na shigowa zai yi funfuna, ga wari, sai dai a zubar.