Awon kan jijiyar ido: inda ake yawan kuskure

Idan aka haska cikin ido, kan jijiyar gani yakan bayyana kamar faifai mai rami a tsakiya. Ana kwatanta girman ramin da na faifan, a rubuta 0.4 ko 0.7, kuma da wannan lamba ake fara zargin hawan jinin ido, cutar da binciken makanta na Najeriya na 2005 zuwa 2007 ya sa ta a matsayi na biyu bayan yanar ido. Amma lambar tana da rawa. Tun a 1976 likitan ido Ba'amurke Paul Lichter ya nuna cewa ƙwararru kan saɓa wa juna a kan hoton ido ɗaya.

Babban kuskure shi ne duba ramin a manta da girman faifan. Babban faifai da babban rami yake zuwa ko da ido lafiya lau yake, kuma baƙaƙen fata sun fi samun irin wannan faifan. Sai a ɗora wa mutum maganin ɗigawa na tsawon rai a banza. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne akasin haka: ƙaramin faifai mai ramin 0.4, cuta ta riga ta ci, an ce wa mai ido ya tafi gida. Don haka a fara auna tsayin faifan daga sama zuwa ƙasa da siririn hasken na'urar duba ido, a ninka awon da 1.1 idan da gilashin ƙara girma mai ƙarfin 78D aka duba, ko 1.3 idan 90D ne. Matsakaicin faifai yana kusan milimita 1.8.

Wasu kuma launi suke bi, duk inda ya yi fari su ce rami ne. Ramin yakan wuce farin. A bi inda ƙananan jijiyoyin jini suka lanƙwasa, nan ne bakinsa.

Duba da ƙaramar na'urar haska cikin ido ta hannu, ido ɗaya a rufe, ba ya nuna zurfi, ya kan sa ramin ya yi ƙarami. A ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, a duba da idanu biyu. A lura da gefen da ya kewaye ramin: a lafiyayyen ido ƙasa ta fi kauri, sai sama. Bambancin 0.2 tsakanin idon dama da na hagu ma abin bincike ne.

Kada a yanke cewa cuta ta ci gaba don likitan bara ya rubuta 0.5, na bana 0.6. A ɗauki hoto a ajiye a fayil, a haɗa da awon ƙarfin ruwan ido da gwajin faɗin gani.