Targaɗen Idon Sawu: Abin Yi Mataki-Mataki

Matasa masu buga ƙwallo a unguwa sun yi ta tambayata abin yi idan ƙafa ta gurɗe. Ga shi a jere.

1. Daina wasan nan take, ka zauna.
2. Cire takalmi kafin kumburi ya matse shi.
3. Gwada yin taku huɗu. In ka kasa, ko ƙafar ta karkace, a kai ka asibiti a ɗauki hoto. Ƙila karaya ce.
4. Naɗe ƙanƙara a tawul, ka ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku. Ledar fiya wata da ta daskare ma ta isa. Kar ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye.
5. Ɗaure da bandeji daga gindin yatsu zuwa ƙwauri. In yatsu suka yi sanyi, sassauta.
6. Kwanta ka ɗora ƙafar kan matashi, ta fi ƙirjinka tsayi.

Hattara, a nan ake ɓata lamari: a kwana biyun farko ba ruwan zafi, ba man zafi, ba murza. Don Allah kar ka bari wani ya kama ƙafar yana ja wai zai gyara. Kumburin ƙaruwa zai yi.

7. Ciwo na lafawa, fara zana haruffa a iska da babban yatsan ƙafar.
8. Sarƙafa tawul a tafin ƙafa, ka jawo a hankali na daƙiƙa 30.
9. Dafa bango, ka tsaya da ƙafar ita kaɗai.
10. Kar ka koma fili sai ka iya gudu ba ɗingishi.