Kafin Ka Ajiye Aikin Dare a Sakkwato

Idan gadi kake yi ko aikin gidan mai da ake kwana, fara da lissafi. Cire kuɗin kabu-kabu da na abincin dare daga albashinka, sannan ka auna abin da ya rage da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024. Duba lafiyarka kuma, domin barcin rana a zafin Afrilu, balle idan an ɗauke wuta, ba ya maye gurbin na dare, kuma a ganina wannan ya fi kuɗin nauyi. Kada ka tafi sai ka sami madogara, ko da ɗan jarin kasuwa ne. Dokar ƙwadago ta tanadi ba da sanarwar mako ɗaya kafin ajiye aiki ga wanda ya haura wata uku a aikin amma bai kai shekara biyu ba.