Yadda ake karanta tambarin jirgin ruwan yaƙi

Tambarin jirgin yaƙi yana da tsarin karatu: daga waje ake farawa, a shiga ciki. Gefensa ne ke nuna ƙasar da ta mallaki jirgin, tsakiyarsa kuma ke ɗauke da labarin sunansa.

Da farko ka dubi abin da ya kewaye tambarin. Idan ka ga igiya mai ruwan zinare an naɗe ta da'ira, a samanta da kambin da aka jera filafilan ƙyalle masu kama iska da bayan jiragen katako bi da bi, to tsarin Birtaniya ne, ko na wata ƙasa da ta gaji al'adarta. Sai ka leƙa ƙasan igiyar. Ganyen bishiyar mafil, irin wanda ke kan tutar Kanada, na nuna Kanada, sandar jifa mai lanƙwasa da gatari da kulki irin na 'yan asalin ƙasa kuma Ostireliya. Na Amurka yawanci siffar ƙwai gare shi, sunan jirgi a sama, lambarsa a ƙasa, kamar DDG 51 ta USS Arleigh Burke.

Idan tsohon tambarin Birtaniya ne, siffarsa ma magana ce. Tun daga 1918, lokacin da aka ɗora wa Charles ffoulkes, wani masanin tsoffin makamai, aikin tsara su, manyan jiragen yaƙi ke da da'ira, masu bi musu kusurwa biyar, ƙanana masu gudu siffar garkuwa, sauran kuma siffar daiman. A 1940 aka koma da'ira ga sababbin jirage. Don haka kada ka auna tambarin yau da ma'aunin wancan zamanin.

Mataki na biyu shi ne launi. Layuka masu lanƙwasa, fari da shuɗi, ruwa ne. A tambarin Amurka shuɗi mai duhu teku ne, zinare kuma nagarta. Akwai tsohuwar ƙa'ida cewa ba a ɗora zinare kan azurfa, wato rawaya kan fari, ba a kuma ɗora ja kan shuɗi, saboda a iya gane alamar daga nesa.

Na uku, kuma nan ne aikin yake, ka tambayi kanka: sunan wa ko sunan me jirgin ya ci? Ba za ka gane hoton tsakiya ba sai ka amsa wannan. HMS Belfast, wanda yanzu yake ajiye a kogin Thames a Landan, yana da dokin ruwa, wato doki mai wutsiyar kifi, saboda daga tambarin birnin Belfast aka ɗauko shi. HMS Ark Royal yana da jirgin Annabi Nuhu da kambi a kansa. HMS Queen Elizabeth, mai ɗaukar jiragen sama da ya fara aiki a 2017, yana da furen gidan sarautar Tudor, wanda ke mayar da kai ga Sarauniya Elizabeth ta farko, ba ta biyu ba kamar yadda da yawa ke zato. A jiragen Amurka da suka ci sunan wani jarumi, taurari, takubba da gicciye galibi suna nuni ne ga muƙaminsa, lambobin yabonsa ko yaƙoƙin da ya halarta. A ganina masu tsara na Amurka kan cika kaya da yawa har ido ya rasa inda zai sauka. Na Birtaniya da hoto ɗaya tak sun fi zama a rai. Anga da mashi mai baki uku kuwa kada su ɗauke maka hankali, kusan kowa na amfani da su don nuna iko a teku.

Idan ka samu rubutaccen bayanin tambarin, ka kula: dama a wurin masu tsara tambari ita ce damar wanda ya riƙe tambarin a gabansa kamar garkuwa, wato hagunka kai mai kallo.

Daga ƙarshe ka karanta kirarin jirgin. Da yawa da Latin ake rubuta su. Na Queen Elizabeth, Semper Eadem, yana nufin kullum ba ta canzawa, kuma taken Elizabeth ta farko ne da kanta. A Birtaniya tambari da kirari suna bin suna, don haka idan an yi ritayar jirgi aka raɗa wa sabo sunansa, sabon ne ke gaje su. Kafin ka danganta wani tarihi ga tambarin da ke hannunka, ka bincika jirgi na nawa ne mai wannan suna. Ark Royal kaɗai jirage 5 ne suka amsa shi.