Yadda Za Ka Rage Saurin Magana Har a Riƙa Fahimtarka

In kana yawan jin ana ce maka "me ka ce?" ko "sake faɗa mini", galibi laifin ba na kunnen mai sauraro ba ne. Harshenka ne ke riga shi. Maganin kuwa ba jan kalmomi ba ne kamar mai jin barci. Abin da ake so shi ne kowace kalma ta fito cikakkiya, a kuma bar ɗan fili tsakanin magana da magana.

Fara da jin kanka. Ɗauki wayarka ka naɗi muryarka ta minti biyu kana ba da labarin yadda ka wuni, kamar za ka tura wa aboki a WhatsApp. Ka bari sai gobe ka saurara. Ka lura da wuraren da ka haɗiye ƙarshen kalma, da inda numfashinka ya ƙare kafin maganar ta ƙare. Mafi yawan masu sauri a nan suke tuntuɓe: iska ta kusa ƙarewa, sai su ruga su kammala kafin ta yanke.

Saboda haka mataki na biyu shi ne numfashi. Ɗora hannu a kan cikinka, ka shaƙi iska ta hanci har ka ji cikin ya taso, kafaɗa kuma ba ta motsa ba. Ka faɗi jimla ɗaya a kan numfashi ɗaya, ka tsaya, ka sake shaƙa. Minti biyar da safe ya isa.

Na uku shi ne wanda na fi damuwa da shi, domin Hausa ba ta yafe wa mai haɗiye sauti. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuwo da shi, a rubuce iri ɗaya ne, tsawon wasali ne ke raba su a baki. Haka daka da ɗaka, kare da ƙare, bari da ɓari. Mai sauri yakan murƙushe waɗannan duka, sai mai sauraro ya koma lalube. Ka zauna gaban madubi ka riƙa furta irin waɗannan tagwayen kalmomi kana buɗe baki sosai. Sannan ka ɗauko wasan nan na karya harshe da muka yi muna yara, na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto. A da gasar sauri muke yi da shi. Yanzu juya shi za ka yi, ka faɗe shi a hankali har kowane ƙ ya fito da ƙarfinsa.

Daga nan sai karatu da murya. Ɗauki jarida ko wani littafi, ka ɗan dakata a kowane waƙafi, a wurin aya kuma ka ƙirga ɗaya, biyu a zuci. Wanda ya yi tajwidi ya riga ya san wannan horon, tunda a aya ta 4 ta Suratul Muzzammil an yi umarni da karanta Alƙur'ani daki-daki, kuma malamai kan tsaya a kan mafitar kowane harafi. Nana A'isha ma ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ba ya zuba magana a jere da gaggawa, har da mai ƙirga zai ƙirga kalmominsa da ya iya. Anas kuma ya ce yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce shi.

Wahalar tana cikin hira ta gaske, musamman gaban manya ko wurin neman aiki, inda tsoron kada a katse ka ke tunzura ka. Kafin ka amsa tambaya, ka shaƙi numfashi ɗaya. Shirun da kake ganin ya yi tsawo, mai sauraro bai ma lura da shi ba. Ka dubi fuskarsa, in ka ga ya yamutsa goshi, ka koma baya kaɗan. Ka kuma roƙi wani na gida ya riƙa ɗaga maka yatsa duk lokacin da ka fara gudu.

In'ina kuwa daban take da sauri. Mai ita ba "yi a hankali" yake buƙata ba, sau da yawa ma faɗin hakan ƙara masa nauyi yake yi. A ba shi lokaci ya ƙarasa maganarsa, a kuma nema masa ƙwararren mai gyaran magana ta hanyar asibiti.

Bayan mako biyu, ka sake naɗar labarin wuninka na minti biyu, ka saurare shi tare da na farko.